Takin Zamani Mai Riga

Ku ɗauki ƙwayar yuriya guda, ku ɗora a tafin hannu, ku ɗiga mata ruwa. Nan da nan za ta narke. Haka take yi a gona, kuma daga nan asarar manomi take farawa.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Amma masara ba ta iya shanye shi a rana ɗaya. In an watsa takin a kan ƙasa mai danshi, rana kuma ta buɗe, wani kaso sai ya bi iska. Shi ne warin nan mai hawa kai da ake ji a gona kwana biyu ko uku bayan zuba taki. In kuma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, musamman a jigawa, sai ya tafi da takin can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Sau da yawa abin da shuka ke samu bai kai rabi ba, alhali manomi ya biya kuɗin buhu cif.

Saboda haka masana suka yi dabarar sa wa kowace ƙwaya riga. A Amurka an fara lulluɓe yuriya da farar wuta a shekarun 1960, daga baya aka koma ga siririyar roba. Danshi yana ratsa rigar ya narkar da takin a ciki, takin kuma ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan kamar yadda sabuwar randa ke tsattsafar da ruwa. Zubi ɗaya sai ya ciyar da shuka makonni, wani ma watanni.

Sai dai roba ba ta ruɓewa da wuri. Taki ya ƙare, kwanson ya rage. A ƙasar Japan, inda manoman shinkafa suka daɗe suna amfani da irin wannan taki, ana ganin ƙananan kwansuna suna yawo a kan ruwan fadama, su bi magudana su shiga kogi, har a tsince su a bakin teku. Tarayyar Turai ta yi dokar taki a 2019, wadda ta nemi a koma ga rigar da ke ruɓewa. Mu da muka san yadda leda ke ɓata gonakin bayan gari ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan.

Yanzu ana neman rigar daga tsirrai. Ana gwada sitacin rogo da na masara, da man zurma, da ƙaro, da wani sinadari mai ƙarfafa itace wanda masana'antun takarda ke fitarwa da yawa. In irin wannan riga ta gama aikinta, ƙananan halittun cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke cinye ta. Aikin bai kammala ba tukuna. Sitaci yana son ruwa, yakan kumbura ya fashe tun lokaci bai yi ba, dole sai an gauraya shi da mai ko kakin da ke tare ruwa. Ga kuma tsada, domin taki mai riga ya fi na kullum kuɗi.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce dabarar Indiya. Tun 2015 gwamnatin ƙasar ta wajabta a shafa man darbejiya a duk yuriyar da ake yi wa manoma a can. Man ba ya zama kwanso. Aikinsa shi ne rage hanzarin ƙananan halittun da ke juya naitirojin ya koma irin wanda ruwa ke wankewa, sai takin ya ƙara daɗewa kusa da saiwa. Tun kafin dokar, malaman gona na can suna koya wa manoma su gauraya yuriya da tunkuzar 'ya'yan darbejiya, wato abin da ya rage bayan an matse mai.

Wannan bishiya, da wasu ke kira dogon yaro ko bedi, tana kusan kowace unguwa daga Kano har Maraɗi. 'Ya'yanta suna zuba a ƙasa, a share a ƙone. Abin takaici ne a ce manomi yana kuka da tsadar taki, abin da zai rage masa asara kuma yana zube a ƙofar gidansa.

Mai son gwadawa ya tara 'ya'yan da suka nuna, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya ɓare, ya daka, ya matse man. Tunkuzar ta bushe sosai, a mayar da ita gari. Sai a haɗa kwano 5 na yuriya da kwano 1 na garin, a juya da kyau, a bar shi ya kwana a rufe a wuri mara danshi. A fara da 'yan kunyoyi, a bar na kusa da su da taki zalla, domin a ga bambanci da ido a lokacin girbi. Da darbejiya ko babu, kada a watsa yuriya a fili. A tona rami kamar tsawon yatsa a ɗan nesa da gindin shuka, a zuba, a rufe da ƙasa, kuma a raba takin zubi biyu.