Walƙiya da Tsawa: Ƙidayar da Ke Ceton Rai

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya san yadda hadari ke haɗowa daga gabas da la'asar, tun daga watan Mayu har zuwa Oktoba. A wannan lokaci ne manoma ke gonakin masara da dawa da auduga, makiyaya kuma na daji da shanu. Da zarar yayyafi ya soma, sai ka ga an nufi gindin ɗorawa ko kaɗanya domin fakewa. Manufar wannan darasi ita ce nuna haɗarin wannan al'ada, da kuma koya wa ɗalibai hanya mai sauƙi ta auna nisan aradu.

Mece ce Walƙiya?

A can saman girgije akwai sanyi ƙwarai, inda ƙwayoyin ƙanƙara ke gugar juna saboda iska mai hawa da sauka. Wannan guga ita ke tara wutar lantarki, har ta yi yawan da za ta keto iska ta sauko ƙasa. Benjamin Franklin, wani masani ɗan Amurka, ya tabbatar a shekarar 1752 cewa walƙiya lantarki ce. Zafinta kan kai digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyos, wato kusan ninki biyar na zafin fuskar rana. Wannan zafi ke sa iska ta buɗe nan take da ƙarfi, ƙarar da muke ji kuwa ita ce tsawa. Duwatsun nan da ake tsinta a gona ana kiran su gatarin aradu kuwa, kayan aiki ne na mutanen dā.

Yadda Ake Auna Nisa

Haske na gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, sauti kuwa mita 340 kacal. Shi ya sa ido ke riga kunne. To, idan ka ga walƙiya, fara ƙidayar sakan har ka ji tsawa, sannan ka raba da uku. Abin da ya fito shi ne nisan a kilomita. Misali, sakan 15 na nufin kilomita 5. In ƙidaya ta gaza 30, aradu na iya samun ka inda kake, ko da ruwa bai sauko ba. A yau masana na bin sawun walƙiya daga sararin samaniya: tauraron ɗan Adam na Meteosat da aka harba a Disambar 2022 yana ɗaukar hotonta a duk faɗin Afirka. Amma manomi a gona, idonsa da kunnensa su ne na'urarsa.

Abin da Take Yi wa Jiki

Zuciya da jijiyoyi suna aiki ne da ɗan ƙaramin lantarki na jiki. Idan wutar aradu ta ratsa mutum, takan tsayar da bugun zuciya da numfashi. Sau da yawa ba kansa take faɗowa ba: bishiya take sauka, sannan ta yi tsalle zuwa gare shi, ko ta bi ƙasa ta shiga ta ƙafa. Wannan ne dalilin da garke kan halaka gaba ɗaya, domin tazarar ƙafafun saniya ta fi ta mutum.

Matakan Kariya

1. Da jin tsawa, a bar gona, ko filin ƙwallo, ko rafi, a shiga ginannen ɗaki ko rufaffiyar mota.
2. A guji gindin bishiya, da kan dutse, da rumfar kwano marar bango.
3. In babu mafaka, a gangara wuri mai kwari, a rarrabu, kada kuma a kwanta a ƙasa.
4. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fito.
5. Wanda aradu ta faɗa wa ba ya ɗauke da wuta. A taɓa shi ba tsoro. In ba ya numfashi, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, a garzaya da shi asibiti.

Kammalawa

Muna kira ga malamai da su gwada wannan ƙidaya tare da ɗalibai daga cikin aji a daminar bana, su kuma ɗalibai su kai ta gida ga iyaye da ƙanne. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.