Adalci a Wurin Aiki: Darasi Daga Rabon Abincin Gwauraye

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, Maimaitawar Shari'a 24:14-15, Yakubu 5:1-6
Aya ta haddacewa: Kolosiyawa 4:1

A majami'a awa biyu ko uku muke yi ran Lahadi, amma kwana shida muna ofis, ko shago, ko gona, ko gareji, ko tasha. A can ne ake ganin irin bangaskiyarmu. Yau za mu yi nazari a kan nuna bambanci a wurin aiki saboda launin fata, ko ƙabila, ko asali, mu kuma ga abin da maigida da ma'aikaci za su iya yi a kai.

Gunaguni a ikkilisiyar Urushalima

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Masu bi suna ta ƙaruwa, ikkilisiya kuwa tana rabon abinci kowace rana ga gwauraye, wato matan da mazansu suka mutu. Masu bin iri biyu ne: Yahudawa masu yaren ƙasar, da Yahudawa masu jin Helenanci, waɗanda yawancinsu daga waɗansu ƙasashe suka fito. Sai masu Helenancin suka tashi da gunaguni, don ana tsallake gwaurayensu wajen rabo.

Littafi Mai Tsarki bai ce wani ya yi haka da gangan ba. Mai yiwuwa masu rabon sun fi sanin gidajen mutanensu ne kawai. Amma ko da gangan ko ba da gangan ba, tsohuwar da aka tsallake da yunwa ta kwana.

Ka lura da abin da manzanni suka yi. Ba su tsawata wa masu kukan ba, ba su kuma sallame su da “ku yi haƙuri” ba. Sun tara jama'a duka, suka kawo maganar a fili, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, kamar Istifanas da Filibus. Na ƙarshensu ma, Nikolas mutumin Antakiya, ba a haife shi Bayahude ba. Wannan ya sa masu nazari da yawa suna ganin daga ɓangaren da aka tauye ne aka zaɓe su. Aya ta 7 ta nuna abin da ya biyo baya: Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa.

Ga darasin da za mu riƙe. Kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa ta kawar da wariya ba. Sai an saurari kuka, an gyara tsarin aiki, an kuma ba waɗanda aka tauye hannu a cikin al'amarin.

Masu kwashe shara na Memfis

A shekara ta 1968, a birnin Memfis na ƙasar Amurka, kusan dukan masu kwashe shara baƙaƙen fata ne, masu lura da su kuwa fararen fata. Albashin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, har da yawansu suna karɓar taimakon gwamnati kafin su ciyar da iyali. Ran 1 ga Fabrairu aka yi ruwan sama. Ma'aikata biyu, Echol Cole da Robert Walker, suka fake a bayan motar shara. Injin matse shara, wanda ya riga ya lalace, ya tashi ya murƙushe su, suka mutu.

Ran 12 ga watan, ma'aikata wajen 1,300 suka shiga yajin aiki. Suna tafiya a titi ɗauke da alluna masu shaida cewa su ma mutane ne. Magajin gari Henry Loeb ya ƙi amincewa da ƙungiyarsu. Fastocin birnin suka tsaya musu, a cikinsu har da James Lawson. A majami'u ake taruwa, a nan ake tara gudummawa don iyalan masu yajin. Fasto Martin Luther King ya zo ya mara musu baya, a can kuwa aka harbe shi ran 4 ga Afrilu. Ran 16 ga Afrilu hukumar birnin ta amince da ƙungiyar ma'aikatan, ta kuma yarda da ƙarin albashi.

Ka tuna, tun 1964 Amurka ta yi dokar da ta hana nuna bambancin launin fata wajen aiki. Shekara huɗu bayan dokar, ga halin da waɗannan mutane suke ciki. Doka tana da amfani, amma sai mutane sun tsaya a kanta take aiki.

Wariyar da ba a gani da ido

Wata wariyar a ɓoye take. A 2004 waɗansu masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun aika takardun neman aiki wajen 5,000 ga kamfanoni a biranen Boston da Shikago. Ilimi da ƙwarewar da ke cikin takardun daidai suke, sunaye kawai suka bambanta: waɗansu irin na fararen fata, waɗansu irin na baƙaƙen fata. Masu sunan fararen fata sun fi samun kira da wajen kashi 50 cikin 100. Babu wanda aka zaga, babu wanda aka kora daga bakin ƙofa. An ajiye takardarsa gefe ne kawai.

Wataƙila ka ce, “Wannan ai zancen Amurka ne, mu nan fatarmu kusan ɗaya ce.” To, amma a wurinmu ma suna yana tona mutum. Daga suna, ko karin harshe, ko tsagen fuska, mukan gane ƙabilarsa da addininsa da yankin da ya fito. Akwai kuma maganar asali. A Nijar an yi dokar hukunta bauta a 2003, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya a ƙarar da ta kai ƙasar saboda ba a kare ta daga bauta ba. Duk da haka akwai wuraren da ake raina mutum don an ce kakanninsa bayi ne. Wanda kuma ya taɓa zaman baƙunci a zango ya san yadda ake ji in an ce maka kai ba ɗan ƙasa ba ne, ko da a nan aka binne cibiyarka. Tushen duka ɗaya ne: auna mutum da abin da bai zaɓar wa kansa ba, alhali Ayyukan Manzanni 17:26 ta koya mana cewa dukan al'ummai daga mutum ɗaya suka fito.

Idan kai ne maigida

Leon Sullivan fasto ne na Baptis a Filadelfiya. A 1971 ya zama baƙar fata na farko a majalisar daraktocin kamfanin General Motors. A 1977 ya fito da ƙa'idodi don kamfanonin Amurka masu aiki a Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariya. Abubuwa ne da ake iya dubawa a gani: kada a raba wurin cin abinci da makewayi bisa launin fata, a biya albashi ɗaya ga aiki ɗaya, a horar da baƙaƙen fata, a ƙara yawansu a kujerun shugabanci. A 1987, da ya ga mulkin wariyar bai kau ba, sai ya ce kamfanonin su fice daga ƙasar gaba ɗaya.

Ba sai kana da babban kamfani ba. In kana da yaron shago ɗaya, ko 'yar aiki a gida, ko kana ɗaukar 'yan ƙwadago a gona, kai maigida ne. Haka ma ikkilisiyar da ke da makaranta ko asibiti. Ga inda za ka fara:

1. Ka ɗauki littafin albashi ka duba. Mutum biyu masu aiki iri ɗaya, daidai kake biyansu? Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta haɗa ɗan ƙasa da baƙo a ƙarƙashin doka ɗaya, ta kuma ce a biya matalauci hakkinsa a ranar, kafin rana ta faɗi.

2. In gurbin aiki ya samu, ka sanar a fili. Ka rubuta abin da aikin ke bukata kafin ka ga sunayen masu nema. In kullum ta bakin dangi da 'yan garinku ake jin labarin aiki, to su kaɗai za su cika wurin.

3. Ka duba wa ake ba aikin ƙazanta da na hatsari, wa ake turawa horo, wa ake ƙara wa girma.

4. Ka buɗe hanyar kawo kuka wadda ba ta bi ta hannun wanda ake kukan da shi ba. Kada mai kawo kuka ya rasa aikinsa saboda ya yi magana.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kolosiyawa 4:1 tana tuna wa iyayengiji cewa su ma akwai wanda yake bisansu a Sama. Yakubu sura 5 kuwa ta ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa ga Allah.

Idan kai ma'aikaci ne

In kai ake tauyewa, ka yi koyi da masu Helenanci: ka faɗa, ka kuma faɗa wa wanda ke da ikon gyarawa. Ka riƙa rubuta abin da ya faru, da ranar, da waɗanda suke wurin. Ka nemi abokan aiki masu gaskiya ku tafi tare, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba a saurare ku ba, akwai ƙungiyar ƙwadago da ofishin sufeton ƙwadago. Tun 1958 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 111 wadda ta hana bambanci a wajen aiki. Neman hakki ta hanyar doka ba zunubi ba ne. Bulus kansa ya nemi hakkinsa na ɗan Roma sa'ad da za a yi masa bulala (Ayyukan Manzanni 22:25). Sai dai ka tsare zuciyarka daga ɗaci da ramuwa, kada kuma ka yi sakaci da aikinka.

In kuwa ba kai ake tauyewa ba, nauyinka ya fi yawa, don maganarka ta fi shiga. Kada ka yi dariya in ana ba'a da ƙabilar wani. Ka ci abinci tare da wanda aka ware. Ka koya masa aikin da ake ɓoye masa. In an tsallake shi wajen ƙarin girma alhali ya cancanta, ka tambaya a fili. Wannan yana iya jawo maka baƙin jini a wurin mutanenka. Bitrus ma ya ji tsoron mutanensa a Antakiya, ya daina cin abinci da al'ummai, har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14). Karin Magana 31:8-9 tana kiranmu mu yi magana a madadin waɗanda ba su da bakin magana.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa manzanni suka kawo maganar gaban jama'a duka?
2. A wurin aikinka, su wane ne ake tsallakewa? Ka taɓa tambayarsu?
3. Wane abu ɗaya za ka gyara, ko za ka yi magana a kansa, a wannan mako?

Addu'a

Ya Uba na Sama, kai ka halicci kowane mutum cikin kamanninka. Ka gafarta mana inda muka fifita namu muka tsallake waɗansu. Ka ba iyayengiji tsoronka, ka ba ma'aikata ƙarfin hali, ka ta'azantar da waɗanda ake dannewa. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.