Kafin ka canza kamshaf a inji mai sufacaja, fara duba sifirin ɗin bawul

Matsalar takan zo da fuska ɗaya. Mutum ya ɗora wa injinsa sufacaja, ko ya sayi motar da aka ƙera da ita, ya ji daɗin yadda take fizga, sai ya so ƙari. Aka ce masa ya canza kamshaf. Ya zaɓi wanda ƙararsa ta burge shi, mai sa inji gurnani da girgiza a tsaye. Bayan an ɗaura, mota ta koma shan mai, salansa na warin ɗanyen fetur, kuma da allura ta doshi juyi 6,000 a minti sai ƙarfi ya yanke, wani lokaci har da tari. Daga nan sai a hau canza fulogi da koyil da famfon mai, alhali ciwon yana can ƙarƙashin murfin tofsilinda.

Shawarata ita ce a zaɓi kamshaf da sifirin tare, bisa awo da lissafi, domin sufacaja tana canza aikin da kowannensu yake yi.

Abin da sufacaja ta canza

Injin da ba shi da sufacaja zuƙo iska yake yi da kansa. Don a taimaka masa, akan bar bawul ɗin shiga ya fara buɗewa kafin na fita ya gama rufewa, ta yadda hayaƙin da ke fita da gudu zai jawo sabuwar iska a bayansa. Wannan ɗan lokacin da bawul biyu suke buɗe tare shi ke kawo gurnanin da ake sha'awa. Sufacaja kuwa famfon iska ce da bel yake juyawa daga karanshaf, tana cusa iska da ƙarfi. Idan ta tarar da ƙofa biyu a buɗe, wani kaso na iskar da fetur ɗin zai shiga ta nan ya fice ta can, kamar mai ɗura ruwa a tulun da gindinsa ya huje. Inji ya sha wahalar juya famfon, ribar kuma ta tafi salansa.

Abu na biyu, sufacaja ɓangaren shiga kaɗai take taimaka wa. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, hayaƙi ma ya ƙaru, amma bawul ɗin fita yana nan da girmansa na da. Shi ya sa kamshaf na irin wannan inji yake bai wa ɓangaren fita ƙarin lokaci.

Kamfanin General Motors na Amurka ya nuna wannan a fili da injinan Corvette biyu masu girma ɗaya, lita 6.2. LS3 na 2008 ba shi da sufacaja, ƙarfinsa doki 430. Kamshaf ɗinsa yana riƙe bawul ɗin shiga a buɗe na digiri 204, na fita digiri 211, tazarar da ke tsakanin tozon shiga da tozon fita kuma digiri 117 ce. LS9 na Corvette ZR1 ta 2009 yana ɗauke da sufacajar Eaton, ƙarfinsa doki 638. A nan lokacin shiga ya zama 211, na fita ya haura zuwa 230, aka faɗaɗa tazarar tozo zuwa 122.5. Wato an ƙara wa shiga digiri 7 kawai, aka ƙara wa fita 19.

Lissafin da zai tsare maka kuɗi

Kowane kamshaf na kirki yana zuwa da takardar bayani. A ciki za ka ga tsawon buɗewar shiga da na fita, waɗanda Amurkawa suke aunawa daga inda aka ɗaga inci 0.050, da tazarar tozo da ake rubutawa LSA. Haɗa tsawon biyun, raba biyu, sannan ka cire ninkin tazarar. A LS3 amsar ita ce 26.5 ƙasa da sifili, a LS9 kuma 24.5 ƙasa da sifili. Ka ga duk da kamshaf ɗin LS9 ya fi girma, injiniyoyin ba su bari buɗewar tare ta ƙaru da abin a zo a gani ba. Ɗauki wani mai 230 da 240 a kan tazara 110, irin wanda ake yi wa inji marar sufacaja: amsar 15 sama da sifili. Wannan shi ne mai daɗin ji a kunne, kuma shi ne mai zubar da iskar da ka saya da tsada a ƙaramin gudu.

Ga motar hawa ta yau da kullum, nemi wanda lissafinsa ya tsaya kusa da sifili ko ƙasa da shi, tazarar tozo daga 114 zuwa 120 ko ɗan sama, lokacin fita kuma ya ɗara na shiga da digiri 10 zuwa 20.

Irin sufacajar ma yana da ta cewa. Mai rotoci biyu, irin Eaton ko Whipple ko ta IHI da ke kan Dodge Hellcat, tana ba da matsi tun daga ƙaramin juyi, don haka ita ta fi yin asara idan bawul biyu suka daɗe a buɗe, kuma ita ta fi son faffaɗar tazara. Tun da ƙarfin ƙasa ya wadata, kana iya barin bawul ɗin shiga ya ɗan makara wajen rufewa, abin da ke rage matsin silinda a ƙaramin gudu ya kuma rage haɗarin ƙwanƙwasar inji. Mai farfela, irin ProCharger ko Vortech, ba ta cika matsi sai juyi ya yi sama. A ƙasa injin yana nan kamar marar sufacaja, saboda haka yana jure tazara ɗan matsattsiya don kada ya yi sanyin jiki a tashi.

Kada ka firgita idan agogon matsi ya sauka da psi ɗaya ko biyu bayan ka sa kamshaf da ya dace. Agogon yana auna iskar da ta taru tana jiran shiga ne. Idan inji ya koyi haɗiye ta da sauƙi, lamba za ta ragu ƙarfi ya ƙaru. Na'urar gwajin ƙarfi ce za ta raba gardama.

Aikin sifirin

Kamshaf buɗe bawul kawai yake yi, sifirin ne ke mayar da shi ya zauna. A juyi 6,000 kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Idan sifirin ya kasa, bawul ya daina bin tozo, ya riƙa shawagi, ko ya faɗo kan mazauninsa ya yi tsalle. Ƙarfi ya zube ke nan, idan abin ya yi muni kuma fistin ya taras da bawul a hanya.

Sufacaja tana ƙara wa sifirin kaya. Iskar da ke cikin bututun shiga tana danna bayan bawul, tana neman tura shi ya buɗe. Bawul ɗin shiga na LS3 faɗinsa inci 2.165 ne, wato milimita 55, fuskarsa kuma ta kai murabba'in inci 3.7. Matsin psi 10 a kan wannan fuska ya haura laba 35. Sifirin ɗin da ya zo da injin yana riƙe bawul a rufe da kusan laba 90. Sulusin ƙarfinsa da ɗoriya zai iya tafiya wajen kokawa da iska a lokacin da matsin cikin silinda yake ƙasa, kafin a zo maganar nauyin bawul da saurin sabon tozo. Dalilin ke nan da masu haɗa irin wannan inji don titi suke neman laba 130 zuwa 160 a rufe.

Sai dai ƙarfin sifirin ba abin gasa ba ne. Wanda ya wuce kima yana cinye tozo da tafet, yana lanƙwasa sandar turi, yana danne tafet mai aiki da baƙin mai har ya kasa ɗagawa daidai. Fara da ƙarfin da maƙerin kamshaf ya rubuta a takarda, ka gaya masa matsin da kake nufin kaiwa da iyakar juyin da za ka yi, ya ƙara maka gwargwado.

Sifirin iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai mai tsukakken kai, wanda hularsa ƙarama ce mara nauyi, kuma bambancin faɗin zobbansa yana hana shi kaɗawa da kansa. Ya dace da matsakaicin kamshaf. Akwai kuma mai biyu, ƙarami a cikin babba, wanda ya fi ɗaukar zurfin buɗewa, idan ɗaya ya karye ɗayan yakan riƙe bawul kada ya faɗa silinda. Rage nauyi yakan yi abin da ƙara ƙarfi yake yi ba tare da wahalar da sauran kayan ba. Shi ya sa aka yi bawul ɗin shiga na LS9 da titaniyam.

Awo huɗu kafin a rufe inji

Na farko, tsayin da sifirin zai zauna a kai. Ƙarfin da aka rubuta a kwali na wani takamaiman tsayi ne, misali inci 1.800 a injinan LS. Idan an taɓa wanke mazaunin bawul, tsayin ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. A auna kowane bawul shi kaɗai, a cike gibin da siraran washa na ƙarƙashin sifirin.

Na biyu, saura kafin zobban sifirin su haɗe. Idan bawul ya kai ƙarshen buɗewa, a sami rarar da ta kai inci 0.060, kimanin milimita 1.5. Sifirin da ya haɗe ya zama dunƙulen ƙarfe, wani abu kuwa dole ya karye.

Na uku, tazara tsakanin ƙasan hular sifirin da robar bawul. Ita ma tana son rara kwatankwacin wannan. Idan hula tana dukan roba, baƙin mai zai riƙa zurara silinda, kuma mai a ɗakin ƙuna yana jawo ƙwanƙwasa, abin da inji mai sufacaja ba ya yafewa.

Na huɗu, tsakanin fistin da bawul. A shimfiɗa laka ta awo a kan fistin, a ɗaura tofsilinda, a juya inji da hannu zagaye biyu, a cire a yanka lakar a auna kaurin inda bawul ya danna. Ana son aƙalla inci 0.080 a shiga da 0.100 a fita, wato milimita 2 da 2.5. Na fita ya fi buƙatar fili saboda zafi yana ƙara masa tsawo, kuma shi fistin yake kora daga baya.

Bayan an tayar

Sabon sifirin yana son a bi shi a hankali. A bar inji ya yi zafi a juyi 1,500 zuwa 2,000, a kashe shi ya huce sarai, sannan a fara taka shi. Ko bayan haka, kada a murza totur inji na sanyi. A sake saita ƙwaƙwalwar mota ta dace da sabon kamshaf, domin lissafin iska da fetur da lokacin wuta duk sun canza. Sifirin kuma abu ne mai gajiya. A riƙa gwada shi lokaci zuwa lokaci, idan ya rasa kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a canza saitin gaba ɗaya.

A wajenmu, cikin masu sufacaja da ake gani akwai Marsandi mai tambarin Kompressor da Range Rover mai lita 5. Yawancin waɗannan suna da na'urar da ke gusar da taimin ɗin kamshaf yayin tafiya, kuma wannan gusawa tana cin tazarar fistin da bawul. Kamshaf mai girma a irin wannan inji sai da awo a iyakar gusawar ta kowane ɓangare. Ga kuma zafin bazara, wanda ke sa iskar da aka matsa ta ƙara zafi. Ga mai irin wannan mota, gyara na'urar sanyaya iska da lagireto da samun fetur mai kyau sun fi sabon kamshaf amfani nesa ba kusa ba.

Idan kuɗinka bai kai ka sayi kamshaf da sifirin da hulunansu da aikin saita ƙwaƙwalwa a lokaci ɗaya ba, ka dakata da kamshaf ɗin. Inji mai sufacaja yana amfana da sifirin mai kyau ko da tsohon kamshaf ne a ciki, amma sabon kamshaf a kan gajiyayyen sifirin hanyar sayen wani inji ce. Ranar da za ka kai aikin gareji, ka roƙi bakanike ya rubuta maka sakamakon awon nan huɗu na kowace silinda a takarda kafin ya ɗaure murfi. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, kuma takardar za ta yi maka amfani duk ranar da za a sake buɗe injin.