Amsar Tambaya: Nawa Zan Ce Kuɗin Lallena?

Tambaya: Ina zanen lalle a Pantami, amma nauyin baki yana hana ni yanka farashi. Sai in ce a ba da abin da ya sauƙaƙa.

Amsa: Ƙanwata, tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin Keke Napep zuwa Tudun Wada kaɗai kan lashe abin da ya sauƙaƙan. Lissafa kayan aiki, kuɗin mota da awannin da kika share a durƙushe, sannan ki ɗora ladan basira, don zanen da kika ƙago ya fi na kwaikwayo daraja. Na amarya daban, na ƙawaye daban, jajibirin Sallah kuma ki ƙara. Karɓi kafin alƙalami tun kina gida. Dangi kuwa, faɗa musu ainihin kuɗin tukuna, sannan ki yi ragi.