Fa'idar Yau: Bugun Ƙirji da Ƙofofin Zuciya



Allah Ya halicci zuciya da ƙofofi 4 masu buɗewa da rufewa, don kada jini ya koma baya. Idan sitiyari ya daki ƙirji a hatsarin mota, ko mutum ya faɗo daga babur ko bishiya, ko doki ya harbe shi, matsin yana iya yaga ɗaya daga cikinsu alhali babu rauni a waje.

Wani nan take numfashi zai sarƙe. Wani kuwa sai bayan watanni, har shekaru: haki, saurin gajiya, kumburin ƙafa, bugun zuciya ba daidai ba.

Don haka kada ku tsaya a gashi da ruwan zafi ko ƙaho. Zuma da habbatus sauda suna da albarka, amma ba sa ɗinke ƙofar da ta yage. A kai shi asibiti, a gaya wa likita labarin bugun ko da ya daɗe, a yi hoton zuciya na eko. Wani sai an yi masa tiyata.

Neman magani ba ya kore tawakkali. Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.