Aibazofski da Taguwa ta Tara

Yara, yawancinku ba ku taɓa ganin teku ba, sai dai kogi ko tabki. To, yau za mu dube ta da idon wani gwanin zane wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallonta.

Sunansa Iban Aibazofski, iyayensa mutanen Armeniya ne. An haife shi a 1817 a Fiyodosiya, wani gari na bakin Bahar Aswad, a lokacin yana cikin mulkin Sarkin Rasha. A 1833 aka aike shi makarantar koyon zane ta birnin San Fitasbag. Kafin ya mutu a 1900 ya zana hotuna wajen 6,000, galibinsu kuwa na teku ne.

Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ya yi a 1850, ana ce da shi Taguwa ta Tara. Matuƙan jirgin ruwa sun daɗe suna cewa wai in hadari ya taso, raƙuman ruwa kan zo bi da bi, kowane ya fi na gabansa, na tara kuwa shi ne mai hallakarwa. Hoton babba ne ƙwarai, faɗinsa kusan ƙafa 11, tsayinsa ƙafa 7 da 'yan kai. Yana ajiye a gidan hotuna na San Fitasbag.

Ga abin da ke ciki. An kwana ana hadari, jirgi ya nutse, ba abin da ya rage sai guntun gungume, waɗansu 'yan mutane sun maƙale masa. Ɗaya ya ɗaga jan ƙyalle sama. Ga kuma wata taguwa kamar tsauni ta tasam musu. Amma ku lura da launin da ya sa. Wani mai zane da baƙi zai cika wurin, don a ji tsoro. Shi kuwa sai ya fito da rana tana keta hazo, sararin sama ya yi ja da ruwan ɗorawa, hasken ya ratsa ruwan har ya koma kore shar kamar kwalba. A ganina gwanintarsa ke nan: mai kallo ya kan rasa abin da zai ce, mutanen nan za su tsira ne, ko kuwa ajali ya yi?

Abin mamaki, ba a bakin ruwa ya zauna ya zana shi ba. A ra'ayinsa taguwa da walƙiya ba su tsayawa su jira mai zane. Saboda haka ya kan tsura wa teku ido, ya riƙe kamanninta a ka, ya ɗan yi zane da fensir, sa'an nan ya koma ɗakinsa ya ɗauki fenti.

In damina ta sauka ku gwada dabararsa. Ku dubi hadari sa'ad da ya haɗo daga gabas, ku ƙidaya launukan da ke jikinsa, sa'an nan ku shiga aji ku zana shi ba tare da leƙa taga ba.