Fara Ba Jariri Abinci da Gyara Masa Ƙunzugu

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri. Ko ruwa ba ya bukata, ko da a tsakiyar zafin bazara ne. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, haka kuma ake gaya wa mata a wurin awo. Da ya cika wata 6, nono shi kaɗai ba ya ƙosar da shi. Wuyansa ya tsaya, yana zama in an tallafe shi, yana bin hannun mai cin abinci da ido. Lokacin fara ba shi abinci ya yi ke nan. Amma ba a cire shi daga nono, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Abincin farko kunu ne, na gero ko dawa ko shinkafa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsinka kunun don ya yi saurin shiga. Cikin jariri ƙarami ne, tsinkakken kunu cika shi yake yi da ruwa, yaro ya ƙoshi amma jiki bai samu komai ba. Kunu mai kyau shi ne wanda in an karkata cokali ba ya zuba nan take. Ana farawa da cokali 2 ko 3, sau 2 ko 3 a rana, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9 sai a koma sau 3 ko 4, da ɗan ayaba ko gwanda a tsakani.

Kunu zalla ba ya gina jiki, sai an sa masa haɗi. A nan mutanen Yauri da Ngaski da Shanga sun fi wasu sa'a. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya zama taskar kifi, kuma daga kasuwar Yelwa ake ɗibar busasshen kifi zuwa garuruwa masu nisa. Abin takaici ne a ce masunci ya sayar da kifinsa duka, ɗansa kuma yana shan farin kunu a gida. Ƙananan kifin nan da ake kira warangi ba su da tsada, kuma ana cin su har da ƙashi. A wanke yashin da ke jikinsu, a shanya, a ɗan soya su sama-sama ba mai, a daka su lukui, a tankaɗe, a adana garin a gwangwani mai murfi. Cokali ɗaya ake zubawa a kunu tun yana kan wuta. In tarwaɗa ce ko karfasa, sai a dafa ta, a zauna a wuri mai haske a murtsuke tsokar da yatsu, a tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Niƙaƙƙiyar gyaɗa, wake mai laushi, kabewa, garin zogale da ɗigon manja duk suna ƙara wa kunu amfani. Dafaffen ƙwai ma abincin yaro ne. Zancen wai yana sa yaro sata camfi ne kawai. Ba a ba jariri zuma sai ya shekara, kuma abincinsa ba ya bukatar barkono ko magi.

Ɗura tana da haɗari. In aka toshe wa yaro hanci aka zuba masa kunu da tafin hannu, kunun yana iya wucewa huhu. A zaunar da shi a cinya, a ba shi da ƙaramin cokali, da lallashi. In ya ƙi yau, a sake gwadawa gobe. Ruwan shansa kuwa, musamman wanda aka ɗebo daga tafki, sai an tafasa shi an bar shi ya huce a rufe.

Da zarar abinci ya shiga, kashin yaro yakan canza: ya yi kauri, ya yi wari. Jiki ma yana ƙaruwa, don haka ɗaurin ƙunzugu na da ba zai ƙara yi masa ba. Nafkin mai kusurwa huɗu guda ɗaya yana iya raka yaro tun daga jego har ya fara tafiya, ninki ne kawai ke canzawa. Ga jinjiri, ana ninka shi biyu sannan a yi masa kusurwa uku, a ɗaura ƙasa da cibiya har ta warke. Yaro na girma, ana rage ninki, a bar faɗi a ƙugu, a ƙara wani ƙyallen auduga mai tsabta a tsakiya saboda fitsari ya yi yawa. Ma'aunin ɗauri shi ne yatsu biyu su shiga tsakanin ciki da ƙunzugu. In an kwance aka ga jan shati a cinya, ya matse. In yana zuba ta gefe, ya yi sako-sako. Wandon roba da ake ɗorawa a kai yana riƙe zafi ya kawo ƙuraje, saboda haka a riƙa cire shi ana barin fata ta sha iska.

Kashin yaro yana ɗauke da cuta kamar na babba. A kankare shi cikin masai, a wanke nafkin da sabulu a bokiti nesa da bakin ruwa, a shanya a rana har ya bushe ƙamas. Wanke shi a tafki yana mayar da ƙazantar cikin ruwan da jama'a ke sha. Mai wankin ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa kwanon kunu.

Ƙunzugu yana kuma nuna lafiyar yaro. In kashi ya koma ruwa sau 3 ko fiye a rana, gudawa ce. A ci gaba da nono da abinci, a ba shi ruwan gishiri da sukari na sacet, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 kamar yadda ma'aikacin lafiya ya tsara. In an ga jini a kashi, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya ƙi nono, a kai shi asibiti mafi kusa ran nan, ko da sai an hau kwalekwale.